Sharhin Ƙarya A Kan Kasuwancinka A Intanet: Kotu Za Ka Je Ko Me?

Mai Masauki: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga lauyoyin cikinmu. Idan mutum ya shiga shafin da ake ba 'yan kasuwa taurari ya zabga ƙarya a kan kasuwancinka, me doka ta tanadar maka? Ɗan masaukin baƙi gare ni. Kwanan nan wasu asusu suka jero mana tauraro ɗaya-ɗaya. Wani ya ce masaukinmu shi ne mafi muni da ya taɓa kwana, wani ya ce ma'aikacinmu ya ɗauke masa kwamfuta a ɗaki, da ya yi magana muka kore shi. Na duba rajistar baƙi, babu mai wannan suna, kuma babu wanda ya taɓa kawo mana cigiyar kwamfuta. Na kai ƙorafi ga shafin, suka ce sharhin bai saɓa ƙa'idarsu ba. Masu kama ɗaki ta intanet kuwa sun ja baya.

Ɗan Zafi: Wa alaikumus salam. Alhaji, wannan har sai an yi shawara? Ka haɗa marubucin da shafin ka maka su a kotu, su biya ka diyya. Da ni ne ma, 'yan sanda zan fara turawa.

Baristan Zaure: Ɗan Zafi, a sassauta. Alhaji, Allah ya kyauta. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, don dokar ɓata suna ta kowace ƙasa da nata tsarin, sai ka zauna da lauyan inda kake kafin ka ɗauki mataki.

Sharhi biyun da ka kawo, a idonka duk ƙarya ne, amma a idon alƙali ba ajinsu ɗaya ba. "Masauki mafi muni da na taɓa kwana" ra'ayi ne. Babu ma'aunin da za a kawo kotu a auna muni, saboda haka babu yadda za ka tabbatar ƙarya ne. Amma "ma'aikacinsu ya sace min kwamfuta" zargi ne na abin da ko dai ya faru ko bai faru ba, kuma zargin laifi ne. Wannan ita ce maganar da ake iya kai ƙara a kanta. Akwai wani otal a jihar Tenesi ta Amurka da TripAdvisor, shafin sharhin otal-otal, ta sa a sahun farko na jerin otal-otal mafiya ƙazanta a 2011. Mai otal ɗin ya nemi diyyar dala miliyan 10. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2013 duk mai hankali ya san irin wannan jeri zuzutawa ce da ra'ayi, ta kori ƙarar. Don haka ka ɗauko sharhin ɗaya bayan ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin jimlar da za a iya ƙaryatawa da takarda ko kyamara ko shaida. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne shari'arka.

Ɗan Zafi: To shafin fa, Barista? Su ne suka baza maganar duniya ta gani, kuma su ne masu kuɗin.

Baristan Zaure: Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Manyan shafukan nan akasari kamfanonin Amurka ne, kuma a can akwai sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ce ba za a ɗauki shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a kansa ba. Ka ji yadda abin ya kai: wata lauya a Kalifoniya ta yi ƙarar wadda ta taɓa yi wa aiki a kan sharhin da ta rubuta a Yelp, wani shafin ba 'yan kasuwa taurari, wadda ake ƙara ba ta zo ta kare kanta ba, aka yanke diyyar sama da dala 550,000, kotu ta kuma umarci Yelp ta goge sharhin. Yelp ta ƙi, aka yi ta hawa har Kotun Ƙolin jihar, wadda ta ce a 2018 ba za a tilasta wa Yelp ba. Shari'ar Hassell da Bird ke nan. Lauyar ta ci shari'a, amma ikon goge rubutun ya zauna a hannun wadda ta rubuta da kuma ganin damar shafin.

Mazaunin Turai: Barista, a yi min izini in ƙara, kada mutane su ɗauka ko'ina haka ne. A Jamus lamarin ya sha bamban, kuma ya yi daidai da matsalar Alhaji. A 2016 babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a ƙarar wani likitan haƙori da shafin Jameda, inda ake ba likitoci maki. Likitan ya ce wanda ya ba shi mummunan maki bai taɓa zama majinyacinsa ba. Kotu ta ce ba daidai ba ne shafi ya naɗe hannu, dole ya tuntuɓi marubucin ya ce ya bayyana yadda aka duba shi, ya kawo wata shaida kamar takardar magani. A 2022 kotun ta sake cewa, a ƙarar wani wurin hutu, da zarar mai wuri ya ce "wannan bai taɓa sauka a wurina ba", wannan kaɗai ya isa ya wajabta wa shafi yin bincike. Idan marubucin ya yi gum, sharhin ya tafi. Sannan tun Fabrairun 2024 dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai ta hau kan dukkan shafuka: dole su buɗe hanyar kai ƙorafi, su faɗi dalilin hukuncinsu, su ba ka damar ɗaukaka ƙorafin.

Baristan Zaure: Haka yake, na gode. Kuma akwai darasi a nan ko ga wanda ba ya Jamus. Idan za ka sake kai ƙorafi, Alhaji, kada ka rubuta "wannan ƙarya ne, yana ɓata min suna". Ma'aikacin shafin, in ma mutum ne ba na'ura ba, ba alƙali ba ne, ba zai raba gardama tsakaninku ba. Ka buɗe ƙa'idojinsu ka nemo wadda aka karya. Kusan duka sun hana sharhin wanda bai yi mu'amala da wurin ba, sun hana na abokin gasa, sun hana mutum ɗaya ya yi rubutu da asusu da yawa. Ka nuna musu an buɗe asusun a lokaci ɗaya, babu wani wurin da suka taɓa yi wa sharhi sai kai, salon rubutun iri ɗaya ne har kuskuren haruffa. Wannan harshen suke ji.

Mai Masauki: Wallahi biyu daga ciki kuskure ɗaya suka yi wajen rubuta sunan masaukin, sun juya haruffa biyu na tsakiya. To amma Barista, wa zan yi ƙara alhali sunan bogi ne?

Baristan Zaure: Ka ɗauki hoton wannan kuskuren yanzu, tare da kwanan wata da adireshin shafin, kafin a gyara ko a goge. Ka ajiye har hoton asusun kansa.

Batun sunan bogi, ana roƙon kotu ta umarci shafin ya miƙa bayanan mai asusun. A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta ana kiran wannan umarnin Norwich Pharmacal, daga wata shari'a ta 1973, wadda ta kafa cewa wanda aka bi ta hannunsa aka yi ɓarna, ko da bai sani ba, ana iya sa shi ya faɗi wanda ya yi. A 2020 wani likitan haƙori a Melbon ya samu izinin kotun tarayyar Ostareliya ya aika wa Google takardar neman bayanan wani marubuci har Amurka. Amma ba kullum ake dacewa ba. Wani kamfanin wankin darduma a jihar Bajiniya ta Amurka mai suna Hadeed ya ce masu sharhi bakwai ba kwastomominsa ba ne, ƙananan kotuna suka goya masa baya, sai Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2015 ba ta da hurumin tilasta wa Yelp, tunda bayanan suna Kalifoniya. Ko an ba ka ma, abin da za ka samu adireshin imel ne da lambar da na'urar ta hau intanet da ita. Sai ka sake neman wani umarnin a kan kamfanin sadarwa. Idan mutumin ya ɓoye sawunsa, ka kashe kuɗi sau biyu ka tarar da iska.

Hajiya Mai Saye: Ni fa a yi haƙuri, zan ja da ku kaɗan. Ban ce Alhaji ba a zalunce shi ba. Amma duk ɗan kasuwar da aka soka sai ya ce ƙarya ne, maƙiya ne. Rashin ganin suna a rajista ba hujja ba ce, mutum nawa ne suke amfani da sunansu na gaskiya a intanet? Wata mijinta ne ya kama ɗakin, ita ta yi sharhin. Mu masu saye wannan taurarin ne kaɗai makaminmu. Kun manta kamfanin KlearGear da ya nemi wasu ma'aurata su biya tarar dala 3,500 saboda matar ta rubuta cewa ba a kawo musu kayan da suka saya ba? Da suka ƙi, ya ɓata musu suna a wajen masu ba da bashi. Kotu ce ta juya abin a 2014 ta ce kamfanin ya biya su dala 306,750. A 2014 ɗin kuma wani otal a Bilakful ta Ingila ya cire wa wasu baƙi fam 100 a katinsu don sun soke shi, sai da duniya ta yi caa ya mayar.

Baristan Zaure: Hajiya, maganarki dutse ce, kuma doka tana tare da ke a nan. Irin wannan ne ya sa Amurka ta yi doka a 2016 da ta soke duk sharaɗin da kamfani zai cusa a yarjejeniyar ciniki cewa kwastoma ba zai soke shi ba. Jihohi da dama kuma suna da dokar da ke kare mutum daga ƙarar toshe baki. A Kalifoniya, idan alƙali ya ga ƙararka ba ta da tushe, zai kore ta tun da wuri, kuma kai za ka biya kuɗin lauyan wanda ka yi ƙara. Batun rajista ma gaskiyarki. Shi ya sa na ce zargin kwamfutar ne abin riƙewa: babu rahoton sata, babu ƙorafi a littafin ofis, ma'aikatan da ke bakin aiki za su ba da shaida.

Ɗan Zafi: Duk wannan doguwar hanya ce. Ni har yanzu ina kan 'yan sanda. Kwana ɗaya a bayan kanta zai goge da hannunsa.

Mazaunin Turai: Wani otal a tsibirin Ko Chang na Tailan ya bi shawararka a 2020. Ɓata suna laifi ne a can, suka sa aka kama wani Ba'amurke a kan sharhin da ya yi musu, ya kwana biyu a tsare, daga baya ya ba da haƙuri. Ka san me ya biyo baya? Jaridun duniya suka ɗauka, TripAdvisor kuma ta manna gargaɗi a saman shafin otal ɗin cewa an tsare baƙo saboda sharhi. Yanzu ka gaya min wa zai kama ɗaki a wurin da ya ga wannan. Garin neman gira aka rasa ido. Ƙasashe da yawa ma sun cire ɓata suna daga laifuka, Ingila ta soke shi tun 2010.

Ɗan Zafi: To, wannan kam na ji.

Akanta: Bari in shigo ta ɓangarena. Alhaji ya ce masu kama ɗaki sun ja baya. A zaure mun yarda, a kotu sai an ga lissafi. Lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ai lokacin ne ba na baƙi ba, ko wani sabon masauki ne ya buɗe, ko ka ƙara kuɗin ɗaki. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su fito da cinikin watannin bayan sharhin su jera shi da na irin waɗannan watanni a shekarun baya, ba da watan da ya gabata kawai ba. Su raba waɗanda suka zo ta intanet da waɗanda suka zo da ƙafarsu: idan na intanet ne kaɗai suka faɗi, hujjar ta yi ƙarfi. Abin da ya fi komai daraja shi ne saƙon mutum guda da ya soke ɗaki ya rubuta cewa sharhin sata ya gani. Irin wannan saƙo kada a goge shi. Tauraro kuwa kuɗi ne na gaske. Michael Luca na Jami'ar Harvard ya bincika gidajen abinci a Siyatil ta Amurka a 2011, ya ga ƙarin tauraro ɗaya a Yelp yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari ga waɗanda ba reshen babban kamfani ba ne.

Baristan Zaure: Malam Akanta ya taɓo inda gizo ke saƙa. A Ingila, dokar ɓata suna ta 2013 ta ce kamfanin da ke neman riba sai ya nuna maganar ta jawo masa babbar asarar kuɗi, ko tana iya jawowa, kafin a saurare shi. Ostareliya ta fi tsanani: kamfani mai ma'aikata 10 ko fiye ba ya ma iya ƙarar ɓata suna, sai dai ya bi ta ƙarar ƙagen da aka yi da mugun nufi, inda shi zai tabbatar da ƙaryar, da mugun nufin, da asarar. Ga kuma wa'adi. A Ingila shekara ɗaya ce daga ranar da aka wallafa, a Faransa wata uku kacal. Mai jiran zuciyarsa ta huce yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Kada kuma a ce na hana zuwa kotu, ana ci. Wani lauya a Adiled ya samu diyyar dalar Ostareliya 750,000 a 2020 a kan matar da ta yi masa sharhi a Google alhali bai taɓa yi mata aiki ba. Amma ga ɗaya fuskar. A 2021 wani kamfanin lauyoyi a Ingila, Summerfield Browne, ya ci fam 25,000 a kan wanda ya kira su 'yan damfara a shafin sharhi na Trustpilot. Da labarin ya fita, mutanen da ba su taɓa taka ofishinsu ba suka yi musu ruwan tauraro ɗaya, har shafin ya dakatar da karɓar sharhi a kansu. Sannan hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Idan marubucin ba shi da ko sisi, takarda ka samu. Idan yana Amurka kai kana wata ƙasa, akwai dokarsu ta 2010 da ta hana kotunansu zartar da hukuncin ɓata suna na waje sai ya dace da ma'auninsu na 'yancin magana.

Ni a ganina, idan an san mutumin, takardar gargaɗi daga lauya, mai ladabi, wadda ta kawo jimlar ƙaryar daidai yadda aka rubuta ta, ta nemi a goge cikin wa'adi, ta fi komai sauƙi kuma sau da yawa ita ke kashe maganar. A rubuta ta da tunanin cewa gobe za a iya manna ta a intanet kowa ya karanta.

Mai Masauki: Akwai amsar da na rubuta zan sa a ƙarƙashin sharhin. Na ce shi ne ɓarawon, kuma na san wanda ya turo shi.

Baristan Zaure: Alhaji, don girman Allah kada ka tura. Wani ɗan kwangilar gyaran gidaje ya yi ƙarar wata mata a Bajiniya yana neman dala 750,000, saboda ta rubuta cewa ya lalata mata gida kuma kayan adonta sun ɓace. Shi ma ya mayar mata da martani a intanet yana zarginta. A 2014 masu taya alƙali hukunci suka ce ita ta ɓata masa suna, shi ma ya ɓata mata, babu wanda za a ba ko kwabo. Amsarka ba don marubucin za ka yi ta ba, don baƙon da zai karanta gobe ne. Ka ce kun bincika ba ku sami rahoton ɓatan kaya ba, kuna ɗaukar irin wannan zargi da muhimmanci, ga hanyar da zai same ku da ranar da ya sauka. Jimla uku sun isa.

Hajiya Mai Saye: Ni dai idan na ga mai wuri yana zagi a amsarsa, ko da shi ke da gaskiya, wucewa nake.

Sabon Shiga: Ni shawarata mai sauƙi ce. Akwai masu sayar da taurari biyar, Alhaji ya sayi kamar hamsin su danne na banzan.

Shugaban Zaure: Ɗan'uwa, ba ma ba da irin wannan shawarar a zauren nan. Zaluncin da aka yi masa kake so ya yi wa masu saye.

Mazaunin Turai: Ban da haka ma, yanzu wuta ce. A Italiya, kotun Lecce ta ɗaure mai kamfanin PromoSalento wata tara a 2018 saboda sayar da sharhin bogi na TripAdvisor, da biyan kusan yuro 8,000. A Amurka, ƙa'idar hukumar FTC, mai kare masu saye, da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta hana saye da sayar da sharhin ƙarya, tarar a 2024 tana kaiwa dala 51,744 a kan kowane karo, kuma ta hana kamfani razana mai sharhi da barazanar ƙara marar tushe. A Birtaniya, tun Afrilun 2025 hukumar CMA, mai kula da gasa da kasuwanni, tana iya cin tarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Sai ka wayi gari kai da aka zalunta kai ne a gaban hukuma.

Baristan Zaure: Waɗannan dokoki suna da amfani ta ɗaya gefen. Idan ta tabbata abokin gasa ne ya ɗauki hayar marubutan, magana ta tashi daga ɓata suna kaɗai ta zama gasa ta rashin gaskiya, kana iya kai shi gaban hukumar kare masu saye, kuma shi yana da dukiyar da za a kama, ba kamar mai asusun bogi ba. Sai dai tarar hukuma aljihun gwamnati take shiga, ba naka ba. Hanyar halal ta danne su kuwa a buɗe take: duk baƙon da zai tafi a roƙe shi ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi ko akasinsa, ba tare da an biya shi ba.

Anti Likita: Barista, tawa ta ɗan bambanta. Wata ƙawata mai ɗakin shan magani aka yi wa irin wannan, sai ga saƙo cewa in ta turo kuɗi za a goge. Tana tunanin ta biya ta huta.

Baristan Zaure: Anti, ki ce mata kada ta biya, kada kuma ta amsa saƙon. Wanda ya biya sau ɗaya ya nuna yana biya, za su dawo da sababbin asusu. An yi wa gidajen abinci da dama haka a biranen Amurka a 2022, ana jera musu tauraro ɗaya sannan a nemi katin kyauta na dala 75. Wannan ya fita daga babin ra'ayi da ɓata suna, ƙwace ne ta hanyar barazana, laifi ne kusan a kowace ƙasa, kuma a nan kam Ɗan Zafi yana da gaskiya, wurin 'yan sanda za ta. Ta ɗauki hoton saƙon da lambar ko imel ɗin da ya zo ta ciki, da asusun da aka ce ta tura kuɗin, ta haɗa da lambar rahoton 'yan sanda ta tura wa shafin. Saƙon neman kuɗin shi ne hujjar da ta fi saurin sa su goge. Abu ɗaya kuma, tunda harkar lafiya take yi: idan za ta amsa a fili, kada ta tabbatar ko ta musanta cewa wane ya taɓa karɓar magani a wurinta, don sirrin majinyaci yana kanta ko da shi ya fara tona kansa.

Anti Likita: Yanzu zan kira ta. Saƙon yana nan ba ta goge ba.